Ƴan Mishan a Ƙauyukanmu: Yadda Suka Zo da Yadda Suka Zauna

Ka taɓa kai maras lafiya Galmi? Ko kuwa wani naka ya taɓa shan magani a Danja, kudu da Maraɗi? In kai ba ka je ba, ka ji labari. Kowa ya san wuraren nan na ƴan mishan ne. Amma ba kowa ya san yadda aka yi suka zo ba. Wace hanya suka biyo? Mi suka ci? Wace wahala suka sha a ƙauye? Wa ya taimake su?

Ba wa'azi za mu yi maka ba. Tarihi ne na ƙasarmu, kuma ya kamata ka san shi, ko wane addini ka ke bi. Ka karanta sannu sannu. In ka gaji ka aje, gobe ka ɗauka.

Mutum uku, kabari biyu

Ɗan mishan shi ne Kirista wanda ya bar ƙasarsa ya tafi wata ƙasa don ya yi wa'azin addininsa. Waɗanda suka fi daɗewa a ƙasar Hausa ta Nijar su ne na wata ƙungiya da a ke kira S.I.M. Ga asalinta.

A ƙarshen shekarar 1893 waɗansu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Ikko. Biyu sun taso daga Kanada, ɗaya daga Amurka. Sunansu Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Niyyarsu su shigo arewa, ƙasar da Nasara ke ce ma Sudan a zamanin nan, wato ƙasar baƙar fata da ke kudu da hamada. Ba su da dukiya, ba su da wata babbar ƙungiya a bayansu. Nasaran da suka tarar a Ikko suka gargaɗe su, suka ce ba za su kai da rai ba.

Maganar ta kusa zama gaskiya. Shekara ba ta zagayo ba, a 1894, Gowans ya mutu a Girku cikin ƙasar Zazzau. Kent ya mutu a Bida. Bingham kaɗai ya rage, shi ma zazzaɓi ya kayar da shi, ya koma gida. Ka tuna, a lokacin ko manyan lokotoro ba su tabbata sauro ne ke kawo zazzaɓin nan ba. Sai a 1897 aka gano haka.

Bingham ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a karo na uku, a 1902, mutanensa suka samu wurin zama a Patigi, bakin Kwara. Daga nan suka yi ta matsowa arewa sannu a hankali.

Daga Damagaram zuwa Tsibiri

A 1924 suka iso Damagaram. A lokacin can ne babban birnin ƙasar Nijar, don sai a 1926 Faransawa suka maida gidan gwamna Yamai. Damagaram garin malamai ne, garin Musulunci tun da daɗewa. An bar baƙin suka zauna, amma masu sauraren wa'azinsu kaɗan ne ƙwarai.

Bayan ƴan shekaru suka buɗe wani gida a Tsibiri, garin Sarkin Gobir, kusa da Maraɗi. Wanda sunansa ya fi fita a aikin nan shi ne David Osborne. Don mi suka zaɓi Tsibiri? Don a ƙauyukan kewaye akwai anna da yawa a zamanin nan, masu bin al'adun kakanni. Ƴan mishan suna zaton su za su fi saurin karɓar saƙonsu. Daga baya suka zauna a Maraɗi da waɗansu garuruwa.

Ƴan Katolika kuma ta yamma suka fara. Wani limaminsu Bafaranshe, François Faroud, ya kafa gidansu na farko a Yamai a 1931. Daga baya suka kai Damagaram da Dogon Dutsi da Maraɗi.

Dubi tafiyar da mutum zai yi kafin ya iso. Zai yi makonni cikin jirgin ruwa har Ikko. Ya hau jirgin ƙasa har Kano. Daga Kano sai doki, ko raƙumi, ko wata tsohuwar mota da za ta yi ta kafewa cikin rairayi. Da damina in gulbi ya kawo, sai a zauna a jira. Takarda daga gida kuwa sai ta yi wata da watanni a hanya. Mutum zai samu labarin rasuwar mahaifiyarsa bayan an daɗe da rufe ta. In ya zo, sai ya yi kamar shekara huɗu kafin ya ga gida.

Ɗaki, ruwa da abinci

Kada ka ɗauka zamansu irin na kwamandan ne. Kwamandan yana da albashi daga gwamnati, yana da sojoji, yana sa a yi masa aikin tilas. Ɗan mishan na S.I.M. ba ya da albashi tsayayye. Jama'ar majami'un ƙasarsu ne ke tara taimako su aiko, a raba. In an aiko da yawa, to. In an aiko kaɗan, sai haƙuri. Ko da haka, gaskiya ita ce ya fi talakan ƙauye abin hannu nesa ba kusa ba, kuma mutane suna gani.

Ɗakinsa na ƙasa ne, maginan gari suka gina shi. Da damina soro ya yi yoyo kamar naka. Gara ta ci azara, ta ci littattafai, ta ci akwatin katako. Kafin ya sa takalmi da safe sai ya kakkaɓe shi saboda kunama. Da dare fitilar kananzir ce haskensa. Da bazara zafi ya hana shi barci, sai ya fito da gadonsa waje. Da hunturu ƙura ta cika masa abinci.

Ruwa shi ne babbar damuwarsa. Cikinsa bai saba da ruwan rijiya ko na tabki ba. Dole a tafasa, a tace, a zuba a randa ya huce. Ranar da aka yi sakaci, sai zawo ko atuni. Kullum yana shan kwinin mai ɗaci saboda zazzaɓi, yana kwana cikin gidan sauro. Mutanen gari suna dariya, suna cewa jikin Nasara ba ya da ƙwari. Amma ka lura: tafasa ruwa da gidan sauro, su ne yau ma'aikatan lafiya ke faɗa mana mu yi don ƴaƴanmu.

Abinci kuwa, abin da kasuwa ta kawo shi ne nasa: gero, dawa, wake, gyaɗa, ƙwai, zabi, nonon Fulani. Waɗansu suka yi ƙaramin garka a bayan gida, awaki suka yi ta shiga suna cinyewa.

To, wa ke ɗebo ruwan? Wa ke faskaren itace? Wa ke kiwon doki, ya nuna hanya, ya yi ciniki a kasuwa don kada a cuci baƙo? Ƴan gari ne. Sunan Nasara ne ya shiga littafi. Sunan mai ɗebo masa ruwa bai cika shiga ba. Amma ba don shi ba, da baƙon bai kai damina biyu ba. Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari.

Hausa ba dabo ba ce

Kai da ka sha Hausa a nono, ba ka san wuyarta ba. Ɗan mishan yana zuwa kamar jariri. Dole ya yi wata da watanni yana koyo kafin a bar shi ya yi wa'azi. Yakan ɗauki malami ya zauna da shi kullum, sau da yawa malamin Musulmi ne.

Kunnensa ba ya raba k da ƙ, ba ya raba d da ɗ. Yana so ya ce aiki ya ƙare, sai ya kira kare. Muryarsa ba ta raba gari na zama da garin tuwo. Ba ta raba kuka ta miya da kukan yaro. Yara su bi shi suna kwaikwayonsa. Ga gaisuwa kuma. A ƙasarsu mutum yakan faɗi abin da ya kawo shi nan take. A nan sai ya koyi tambayar kwana, da gajiya, da iyali, da sanyi, kafin ya shiga magana. Wanda bai koya ba, an ce ba ya da ladabi, ba a sake sauraronsa.

Wahalar nan tasu ta bar mana wani abu. Kakanninmu sun daɗe suna rubuta Hausa da ajami. Amma rubuta ta da baƙaƙen nan da ka ke karantawa yanzu, ƴan mishan suna cikin waɗanda suka fara. Kuma wani ɗan ƙasarmu yana ciki. Sunansa Dorugu, an haife shi a wani ƙauye kusa da Kance cikin ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana yaro, aka ƴanta shi, ya bi matafiyin nan Barth har Ingila a 1855. Can ya zauna da wani ɗan mishan mai suna Schön. Dorugu yana faɗin labarai da tatsuniyoyi, Schön yana rubutawa. Da haka aka yi waɗansu daga cikin littattafan Hausa na farko da boko. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki na Kirista dukansa da Hausa. A 1934 Bargery, wanda shi ma aikin mishan ya fara kawo shi ƙasar Hausa, ya fitar da babban ƙamus na Hausa.

A gidajen mishan na ƙauye ana koya ma mutane karatu da Hausa, don su karanta littafin addinin da kansu. Tun kafin gwamnati ta fara yaƙi da jahilci bayan mulkin kai, akwai manoma a ƙasar Maraɗi da suka iya karanta Hausa ta wannan hanya.

Tsakanin kwamandan da jama'a

Kana iya zaton Nasara duka ɗaya ne. Ba haka ba ne. Masu mulkin Nijar Faransawa ne. Ƴan S.I.M. kuwa masu jin Ingilishi ne, daga Kanada da Amurka da Ingila da waɗansu ƙasashe. Kwamandan bai yarda da su sosai ba. Yana ganin mutanen Ingilishi ne masu mulkin Nijeriya, ga iyaka kusa. Sai da izini za su gina ɗaki ko su buɗe sabon wuri. Dokar Faransa kuma ta ce lakkwal da Faransanci a ke yin ta, su kuwa da yawansu ba su iya shi sosai ba. Shi ya sa suka daɗe ba su yi nisa a wajen lakkwal ba. Da yaƙin duniya na biyu, bayan Jamus ta ci Faransa a 1940, abin ya ƙara tsanani. Aka riƙa yi masu kallon ƴan leƙen asiri, aka taƙaita yawonsu.

Jama'a kuma fa? A wurin talaka, farin mutum farin mutum ne, ɗan'uwan mai karɓar haraji. In ɗan mishan ya shigo ƙauye da hotuna da garmaho, mutane su taru su sha kallo. In ya gama, su yi masa godiya, su koma ga addininsu. Malamai suna gargaɗin mutane. Anna ma da aka sa rai gare su, yawancinsu Musulunci suka shiga. Mutum zai yi shekara goma yana wa'azi, waɗanda suka bi shi ba su cika yatsun hannu ba.

Su ma baƙin suna da nasu laifi. Waɗansunsu sun raina al'adun mutane tun ba su fahimce su ba. Sun hana kiɗa da waɗansu bukukuwa ga masu binsu. Sun daɗe suna riƙe da shugabanci da kuɗi a hannunsu, ba su sakar ma Kiristocin ƙasa ba, har abin ya jawo ɓacin rai tsakaninsu.

Wanda ya fi kowa shan wuya kuwa, ba Nasara ba ne. Ɗan ƙasa ne da ya bi shi. Nasara in ya gaji yana da gidan komawa. Shi wannan fa? Wani danginsa suka daina cin abinci da shi. Wani aka hana shi mata. Wani aka raba shi da gado. Amma su ne suka zama masu wa'azi na ƙauye, suna noma gonarsu da damina kamar kowa. Wajen lokacin mulkin kai, a 1960, suka kafa ekilisiya tasu ta ƴan ƙasa.

Ƙofar da ta buɗe: magani

Abin da wa'azi bai yi ba, magani ya yi. Tun farko kowane gidan mishan yana da ɗan ɗakin magani. Da asuba mutane sun yi layi: mai gyambo, mai ciwon ido, mai haƙori, mai kurkunu, wanda maciji ya sara. Da yawa daga cikin masu ba da maganin mata ne, waɗansu ba su da aure. Wannan ya ba mutane mamaki: mace baliga, ba miji, ta baro iyayenta? Amma su ne ke iya shiga cikin gida wurin matan kulle. Su a ke tayarwa da tsakar dare in haihuwa ta yi gardama. Wani lokaci in uwa ta rasu wurin haihuwa, su a ke kai ma jaririn.

A 1950 wani lokotoro Ba'amurke, Burt Long, da matarsa Ruth suka fara aikin asibiti a Galmi, garin albasa, tsakanin Ƙonni da Madawa. Ka tuna yadda ƙasar ta ke a lokacin. Lokotoro mai fiɗa ba ya samuwa sai a manyan birane. Mai gwaiwa ko mace mai doguwar naƙuda sai a ɗora su bisa jaki ko amalanke, a yi kwanaki a hanya. Ƙaramin wurin nan ya girma ya zama asibiti mai gado fiye da 100. Mutane suna zuwa daga Tawa, daga Maraɗi, har daga Nijeriya.

A 1956 aka buɗe Danja don masu kuturta. Ka san yadda a ke yi ma kuturu a da. Ba a cin abinci da shi, wani a fitar da shi bayan gari, ya ƙare da bara. A Danja aka karɓe su, aka wanke masu miki, aka ba su magani da wurin noma. Maganin lokacin sai an yi shekaru ana sha. Daga 1981 aka samu sabon haɗin magani, wanda yau ke warkarwa cikin wata 6 zuwa 12, kuma kyauta a ke ba da shi. Ka riƙe wannan: kuturta tana warkewa. In ka ga wani tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, a je likita tun yatsu ba su lalace ba. A 2012 kuma aka ƙara wani sashe a Danja don mata masu yoyon fitsari.

Ciwon da su ke yi ma magani bai bar su su ma ba. Zazzaɓi da shawara da sanƙarau ba su san fari ko baƙi ba. Akwai kaburburan ƴan mishan da na jariransu a ƙasar Hausa. Yaran da suka rayu kuma, in sun kai shekarun karatu, sai a rabu da su. A farko ana barin su can Kanada a wani gidan reno. Daga baya ana kai su makarantar kwana a Miyango, kusa da Jos. Ke uwa mai karatu, ki auna: ɗanki mai shekara shida, ki sa shi mota, ba za ki gan shi ba sai bayan watanni. Da yawa daga cikin yaran nan, da suka girma, sun ce rabuwar ta yi masu ciwo ƙwarai.

Baƙon da ya sunkuya ya duba

Ga labari na ƙarshe, kuma ya shafi gonarka. A 1981 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi tare da matarsa, yana aiki da S.I.M. Bayan farin 1973 ƙasa ta yi tsirara. Iska tana kwashe ƙasar gona, rairayi yana rufe shuka. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen wuta. Aikinsa dashen itatuwa ne. Ya dasa, ya dasa, yawancinsu suka mutu. Rana ta ƙone waɗansu, awaki da gara suka cinye saura. Har ya kusa fid da rai.

Wata rana a 1983 yana kan hanyar ƙauye, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro irin wanda mu ke sassabewa kowace shekara. Ya matsa ya duba ganyen. Ashe ba ciyawa ba ce. Itace ne da aka sare tun da daɗewa, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa tana shan ruwa. Ya gane ba sai an dasa ba. A zaɓi tsiro mafi ƙarfi daga kututture, ɗaya zuwa biyar, a rage sauran, a tsare su.

Da ya faɗa ma manoma, aka yi masa dariya, har waɗansu suka ce ya taɓu. Manomin kirki gonarsa fes ta ke, in ji su. Ga tsoron tarar ma'aikatan gandun daji, don a lokacin itace na gwamnati ne. Mutane kaɗan suka gwada. Sai yunwar 1984 ta zo. Aka raba abinci a ƙauyuka, da sharaɗin mutum ya bar itatuwa a gonarsa. Da yunwa ta wuce, da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga amfani: itacen wuta, abincin dabbobi, inuwa, ga gero bai ragu ba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Shi ne sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta ya kai eka miliyan 5 a Nijar, wato hekta, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar kyauta ta duniya saboda wannan aiki.

Amma ka lura da kyau. Bai kawo kalgo ko sabara daga ƙasarsu ba. Suna nan cikin gonarka tun da. Sarakunan Damagaram ma sun hana saran gawo tun kafin Nasara su zo. Kuma hannun manoma ne ya yi aikin.

Abin da ya rage

Kimanin shekara 100 ke nan da zuwan ƴan mishan Damagaram. Abin da ya kawo su, bai samu yadda suka so ba. Ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai mutum 1 cikin 100 ba a Nijar. Amma asibiti yana nan, karatun Hausa yana nan, itatuwa suna nan. Kiristocin da ke cikinmu yau kuwa ba baƙi ba ne. Gobirawa ne, Katsinawa ne, Arawa ne, rijiya ɗaya mu ke sha da su.

Zaman bai rasa tabo ba. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, an yi asarar rayuka. Ranar baƙin ciki ce ga ƙasa duka. Kakanninmu sun ƙi addinin baƙon, amma sun ba shi wurin gina ɗaki, sun sayar masa da nono, sun koya masa gaisuwa. Shi kuma ya wanke masu miki. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ɗauki ashana ya nufi ɗakin maƙwabcinsa ba.

Yanzu ga aiki gare ka, tun da ka iya rubutu. In akwai tsoho a garinku da ya yi aiki a gidan mishan, ko tsohuwa da ta haihu a hannunsu, je ka zauna da su. Tambaye su abin da suka gani, mai daɗi da maras daɗi. Rubuta shi cikin littafinka, da sunan gari da shekara, ka kawo ma malamin ajinku a karanta ma kowa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.